Jinyar firgici da raunin zuciya ta hanyar magana: wace hanya ta dace da wane mutum?

Wanda ya ga tashin hankali ba kasafai yake zuwa asibiti ya ce zuciyarsa ta ji rauni ba. Abin da za ka ji daga bakinsa shi ne gabansa na yawan faɗuwa, ko barci ya ƙaurace masa, ko kansa na zafi kamar an ɗora garwashi, ko kuma da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki rawa. Wata za ta ce tunani ya yi mata yawa. Wata ba za ta ce komai ba, uwarta ce za ta ce tun da aka dawo da ita daga daji ba ta sake zama yarinyar da ta haifa ba. Mafi yawan mutane suna warwarewa da kansu cikin 'yan makonni idan sun sami aminci da abinci da 'yan'uwa a kusa. Jinyar da ake magana a nan ta wanda ya haura wata ɗaya ne abin bai sake shi ba: lamarin na dawo masa a farke ko a mafarki kamar yanzu yake faruwa, yana kauce wa duk abin da zai tuna masa, kuma kullum a ɗarare yake.

Hanyoyin da aka gwada aka ga amfaninsu ba su da yawa, kuma idan aka auna su gaba ɗaya sakamakonsu ya yi kusa da juna. Saboda haka tambayar wacce ta fi ƙarfi ba ta kai mutum ko'ina. Abin da ke raba su shi ne me kowace take buƙata daga majinyaci. Wata tana son ya iya karatu da rubutu, wata tana son ya faɗi abin da ya faru dalla-dalla, wata kuma ta yarda ya yi shiru. A wurinmu, inda kunya da kara da sirrin gida suke da nauyi, wannan bambancin shi ne kan gaba.

Abin da ake dubawa kafin a zaɓi kowace hanya

Na farko, shin abin ya wuce ko yana kan faruwa? Matar da har yanzu ake dukanta a gida ba a fara tona mata tsohon ciwo. Ana fara da tsara yadda za ta tsira: wa za ta kira, ina za ta kwana, wa zai shiga maganar daga danginta. Na biyu, a tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin a rai, kuma da yawa suna jin sauƙi da aka tambaye su, domin abu ne da tsoron zunubi da surutun mutane ya hana su furtawa. Na uku, likita ya tabbatar ba wata cuta ba ce ta ɓuya: farfaɗiya, ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya, ruɗewar da ke kama mai jego a makonnin farko bayan haihuwa, ko shan tiramol da kodin. Waɗannan magana kaɗai ba ta warkar da su.

Sannan a auna. Akwai takardar tambayoyi 20 ta alamomin firgici, PCL-5, makinta daga 0 zuwa 80, kuma daga wajen 31 zuwa 33 ake ɗaukar abin ya kai na jinya. Akwai ta ciwon damuwa mai tambayoyi 9, PHQ-9, wadda maki 10 zuwa sama ke nuna a kula. Amfaninsu shi ne a maimaita su duk bayan zama biyu ko uku a ga ko ana gaba ko ana tsaye. Idan za a karanta su da Hausa, a yi amfani da kalmomi iri ɗaya kowane lokaci, in ba haka ba makin yau ba zai yi daidai da na jiya ba.

Wani abu da ya kamata a guje masa: a tara mutane kwana ɗaya ko biyu bayan hari a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani, zama ɗaya a watse. An daɗe ana yin haka da kyakkyawar niyya, amma gwaji ya nuna ba ya hana ciwon, wasu ma yana ƙara musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina.

Hanyar gyaran fassara, CPT

Patricia Resick ce ta tsara ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, tun farko domin matan da aka yi wa fyaɗe. Zama 12 ne, kowane kamar awa ɗaya, sau ɗaya ko biyu a mako. Ba ta tsaya kan abin da ya faru ba kamar yadda ta tsaya kan hukuncin da mutum ya yanke wa kansa bayan ya faru. A zaman farko ana sa shi ya rubuta shafi ɗaya: me ya sa a ganinsa abin ya faru, kuma me ya canza a yadda yake kallon kansa da mutane. Daga wannan shafi ake tsamo jimlolin da suka maƙale masa, irin su "ni na jawo", "na ƙazantu", "ba wanda za a amince wa". Zaman ƙarshe guda biyar kowane yana ɗaukar jigo ɗaya: aminci, yarda da mutane, iko da kai, darajar kai, da kusanci.

Ga yadda aikin yake a kusa. A ce mahaifi ne da aka sace ɗansa a hanyar gona, yana ta cewa da bai aike shi ba da yana nan. Ƙwararren ba zai ce masa "Baba, ba laifinka ba ne" ba, domin kowa ya riga ya faɗa masa haka, bai shiga ba. Zai tambaye shi ne: "Baba, a safiyar nan me kuka sani game da hanyar?" Zai ce lafiya lau take, ko jiya an bi ta. "Sau nawa yaron ya bi ta kafin ranar?" Ba adadi. "Da maƙwabcinku ne ya aiki nasa ɗan, za ku ce shi ya kashe shi?" A nan yawanci mutum yake yin shiru. Wannan shirun shi ne aikin. Uban yana hukunta kansa ne da ilimin da bai samu ba sai bayan abin ya auku, kuma sai ya gano haka da bakinsa.

A ra'ayinmu wannan hanya ita ta fi zama daram da imanin mutanenmu, idan mai yin ta ya san abin da yake yi. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya hana mutum cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Aya ta 106 ta Suratun Nahli ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Yarinyar da aka aurar da ita da bindiga a daji, tana ganin kanta mazinaciya, tana da buƙatar ta ji wannan, kuma zai fi shiga idan malamin da take girmamawa ya tabbatar mata. Kirista kuma yana da littafin Ayuba, wanda abokansa suka dage lallai zunubinsa ne ya jawo masa masifa, alhali ba haka ba ne. Inda ake ɓata aikin shi ne a mayar da ƙaddara murfi: a ce "haka Allah ya so, ki yi haƙuri" don a rufe bakin mai kuka. Annabi Yakubu ya yi haƙuri mai kyau, duk da haka ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari.

Nakasun CPT shi ne aikin gida. A asalinta kullum akwai takardar cikewa, kuma wanda bai yi boko ko ajami ba zai ji an ware shi. An shawo kan wannan a gabashin Kongo, inda aka gwada ta da mata sama da 400 da aka yi wa fyaɗe, da yawansu ba su iya karatu ba. An mayar da takardun abin haddacewa da baki, aka yi zama ɗaya na mutum ɗaya sannan 11 a rukuni, kuma mataimaka 'yan yankin ne suka jagoranta. Sakamakon da aka fitar a 2013 ya nuna bayan wata shida kashi 9 cikin ɗari ne suka rage da alamun damuwa mai tsanani, a ɗaya ɓangaren da aka ba tallafi na yau da kullum kuma kashi 42. Don haka idan aka ce maka sai mai ilimi ake yi wa, ka tambaya ko za a iya yi da baki.

Fuskantar abin tsoro a hankali, PE

Wannan ta Edna Foa ce, zama 8 zuwa 15, kowane minti 90. Tana da ƙafa biyu. Ta farko, mutum ya rufe ido ya ba da labarin abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, na minti 30 zuwa 45, ya maimaita, a naɗa a waya ya saurara a gida kullum. Ta biyu, a jera abubuwan da yake gudu alhali ba su da haɗari, a ba kowane makin tsoro daga 0 zuwa 100, a fara da na wajen 40. Wanda bam ya tashi da shi a kasuwa zai fara da tsayawa a bakin kasuwa da ɗan'uwansa, ya zauna har tsoron ya sauka, ko na minti 30 zuwa 45, ya maimaita kwanaki, sannan ya shiga ciki, sannan ya je shi kaɗai ranar da kasuwa ke ci.

Ga wanda tsoro ne tsantsa ke cinsa, direban da ya yi haɗari ya kasa riƙe sitiyari, ko ɗan kasuwar da ya daina fita, babu hanyar da ta fi ta kai tsaye. Amma tana da wuya, kuma a makonni biyu ko uku na farko wasu suna jin abin ya ƙaru kafin ya ragu. Idan ba a gargaɗe su ba, a nan suke gudu. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Ɗaya, mutum ya bar wurin lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gudun ne ya cece shi. Biyu, a sa abu mai haɗari na gaske cikin jerin. Hanyar da har yanzu 'yan bindiga ke tarewa ba abin da za a koya wa mutum daina tsoro ba ce. Sai kuma batun waya: a gidan da miji da kishiya da yara ke ɗaukar waya ɗaya, naɗar labarin fyaɗe a cikinta ganganci ne. Ko a sa mata makulli, ko a bar naɗar gaba ɗaya.

Motsa ido, EMDR

Francine Shapiro ce ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin hanyoyin da ta amince da su. Matakai takwas gare ta. A tsakiyar aikin, mutum yana riƙe hoto mafi muni na abin a ransa, tare da mummunar maganar da yake faɗa wa kansa da inda yake jin abin a jiki, ya ba damuwar maki daga 0 zuwa 10. Sai ya bi yatsun ƙwararren da ido, dama da hagu, na kamar rabin minti. A tsaya, a ja numfashi, a tambaye shi me ya taso, a ci gaba, har makin ya sauko 0 ko 1. Abu ɗaya da ya faru sau ɗaya yakan ɗauki zama 6 zuwa 12, wani lokaci ƙasa da haka.

Babbar falalarta a wurinmu ita ce ba dole ne a faɗi abin da ya faru filla-filla ba, kuma babu aikin gida mai yawa. Macen da ko sunan mijinta ba ta iya furtawa don kunya, ba ƙaramin abu ba ne a ce ta kwatanta wa baƙo abin da aka yi wa jikinta. A nan za ta iya cewa "abin nan na daren" kawai, aikin ya tafi. Dattijon da aka wulaƙanta a gaban iyalinsa ma haka.

Sai dai a yi bayani sosai tun farko, domin wanda ya ga ana kaɗa masa yatsu a fuska zai iya zaton tsafi ne ko ana son a juya masa hankali. Mutum a farke yake, kuma yana iya ɗaga hannu a tsaya a kowane lokaci. Masana har yau suna muhawara kan ko motsin idon ne ke aikin, bayanin da ya fi ƙarfi shi ne yana shagaltar da ƙwaƙwalwa har hoton ya dushe. Wasu ƙwararru suna bubbuga gwiwa ko bayan hannu maimakon yatsu. Idan namiji ne ke yi wa mace, kada ya taɓa ta: ta harɗe hannuwanta a ƙirji ta riƙa bubbuga kafaɗunta da kanta, dama da hagu. Haɗarinta na gaske shi ne gaggawa. Wanda yake yawan ɗaukewa, ya ji kamar ba ya cikin jikinsa ko ya rasa sa'o'i bai san inda suka tafi ba, idan aka tsallake matakin shiri aka afka cikin hoton, zai fita zaman a wargaje. Kuma masu cikakken horo a kanta ba su da yawa a ƙasashenmu, saboda haka a tambayi inda mutum ya koya da wanda ke duba aikinsa.

Igiyar rayuwa, NET

Hanyoyin da suka gabata sun fi sauƙi idan abin ɗaya ne ko biyu. To wanda aka ƙone garinsu, ya ga an kashe ɗan'uwansa, ya yi gudun kwanaki, ya rasa ɗa a sansani, wanne za a zaɓa? Domin irinsa Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert na jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara NET. A gwajin da aka fitar a 2004 da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, zama huɗu kacal aka yi, kuma bayan shekara kashi 29 cikin ɗari ne suka rage da ciwon, alhali a waɗanda aka yi wa nasiha ta tallafi kashi 79 ne.

Ana shimfiɗa igiya a kan tabarma. Bakinta ɗaya ranar haihuwa ce, ɗaya bakin a bar shi a naɗe, shi ne rayuwar da ba a kai ba tukuna. Majinyaci ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, saukar karatu, aure, haihuwar fari, ya ɗora dutse a kan kowane abin tsoro, babba ko ƙarami gwargwadon nauyinsa. Idan babu fure, ganye ko ƙyalle mai launi ya isa. Daga nan ana bin igiyar daga farko, zama 8 zuwa 12 na minti 90. Idan aka iso dutse sai a rage gudu ƙwarai. Ƙwararren yana ɗaure abin da jiki ya tuna, ƙauri da ƙara da bugun zuciya, da lokaci da wuri: wace shekara, damina ko rani, kafin azahar ko bayanta, wa ke tsaye a ina. Ciwon firgici tunani ne da ya rasa kwanan wata, shi ya sa yake zuwa kamar yau ne. Idan aka mayar da shi mazauninsa a igiya, sai ya koma abin da ya wuce. Ƙwararren ne ke rubutawa, ya karanta wa mai labarin a zama na gaba ya gyara, a ƙarshe a miƙa masa tarihinsa.

Ba ta buƙatar karatu, ba ta da aikin gida, kuma an horar da mutanen gari sun yi ta da kyau. Ga al'ummar da ta saba da ba da tarihi da baki, ba baƙuwa ba ce. Akwai nau'inta na yara, da na waɗanda suka riƙe makami suka aikata abin da ke damunsu. Ƙa'idarta mai tsauri ita ce ba a tashi zama a tsakiyar dutse. Idan an fara, sai an kai inda haɗarin ya wuce a labarin, ko da lokaci ya ƙare, shi ya sa ba a fara dutse saura minti 20, ko ana dab da kiran salla. Takardar tarihin kuma a yi shawarar inda za a ajiye ta tun kafin a rubuta, domin idan ta faɗa hannun da bai dace ba tana iya kashe aure ko ta jawo ramuwa.

Idan ciwon na "wane ne ni yanzu" ne

Wani ba mafarki ke damunsa ba, matsayinsa ne ya rushe. Matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram sun dawo wasu na kiransu annoba, ana ƙyamar 'ya'yan da suka haifa. Manomin da yake ciyar da gida ashirin ya koma layin karɓar abinci. Bazawara ta koma ɗakin uwarta tana da shekara 22. Yaron da ya tashi a turai ko a zangon Kumasi yana jin can ba a ɗauke shi ɗan gari ba, gida kuma ana dariyar Hausarsa. A nan NET tana da wani amfani na daban, domin furannin da ke kan igiya suna nuna wa mutum cewa rayuwarsa ta fi dutsen tsawo. Jigon darajar kai na CPT ma yana taɓa wurin.

Amma idan babu firgici sosai, damuwa ce da kaɗaici, hanyar gyaran hulɗa, IPT, ta fi dacewa. Tana aiki a kan abu huɗu: rashi, saɓani, sauyin matsayi, da kaɗaici. A sauyin matsayi ana yin makokin tsohon matsayin a fili, a lissafa abin da aka rasa da abin da ya rage, a koyi abin da sabon yake buƙata. An gwada ta a rukuni a karkarar Yuganda a farkon shekarun 2000 ta yi aiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin zama 8 na mutum 6 zuwa 10. Rukuni yana da arha kuma yana kashe jin "ni kaɗai ce", amma a gari ƙarami sirri ba ya daɗewa. A raba maza da mata, kada a haɗa kishiyoyi ko suruka da matar ɗa, kuma a bar bayanin fyaɗe ga zaman mutum ɗaya. Wanda aka ci zarafinsa shekaru tun yana yaro, har ya kasa riƙe fushinsa ko zama da kowa, yakan buƙaci makonni na koyon sarrafa motsin rai kafin a taɓa tarihin, jinyarsa kuma ta fi tsawo.

Yara daga shekara 3 zuwa 18 suna da tasu, TF-CBT, zama 12 zuwa 16 ko fiye, rabin aikin da mai riƙon yaron ake yi. Mai riƙon ba dole uwa ko uba ba, kaka ko goggo ta isa, muddin ba ita ce ta cuce shi ba kuma ta gaskata shi.

Inda babu ƙwararre, da batun ƙwayoyi

Gaskiyar magana, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane. Domin irin wannan hali aka tsara wata gajeriyar hanya, PM+, aka fitar da ita a 2016, an kuma gwada ta a Fakistan da Kenya: zama 5 na minti 90, wanda ma'aikacin sa-kai mai horo zai iya bayarwa. Ana koyar da numfashi a hankali, daƙiƙa uku ciki uku waje, da warware matsala mataki-mataki, da komawa ayyukan yau da kullum kaɗan-kaɗan, da ƙarfafa zumunci. Ba ta tona abin da ya faru, saboda haka ba za ta maye gurbin hanyoyin sama ga mai firgici mai tsanani ba, amma ga wanda bashi da rashin barci da rigimar gida suka taru a kansa, mafari ce mai kyau.

Ƙwayoyi irin su sertraline da fluoxetine suna taimakawa, musamman idan damuwa ta yi nauyi har mutum ba zai iya zaman magana ba. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, ana ci gaba da sha wata 6 zuwa 12 bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Mai azumi ya tambayi likita yadda zai mayar da su sahur ko buɗa-baki. Abin gudu shi ne diazepam da danginsa da ake saya a kemis don barci: suna sa sabo, ba sa warkar da firgici, kuma suna iya rage amfanin jinyar fuskantar tsoro. Ana samun sassan da ke wannan aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Maiduguri, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano, da asibitocin koyarwa, da babban asibitin ƙasa na Yamai.

Mutumin da zai yi aikin

Sanin al'ada ba wata hanya ce ta daban ba, yanayin riƙon kowace hanya ne, kuma a zaman farko ake gane shi. Ƙwararre na gari zai tambaye ka me kai da danginka kuke kiran abin, me kuke ganin ya jawo shi, wa kuka riga kuka je wurinsa. Idan ka ce iska ce ko sammu, ba zai yi murmushin raini ba, kuma ba zai ce lallai haka ne ba. Zai ce a ci gaba da addu'a da ruƙiyya ta ayoyi, a haɗa da jinya. Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta cewa asibiti da iyali da masu maganin gargajiya suna iya aiki tare. Iyakar ita ce cutarwa: duka, mari, hayaƙi a ɗaki rufe, hana abinci, ko a ce a zubar da maganin likita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin mutunci da sirri da sanin jinyar da za a yi masa.

Mace tana da damar neman mace. Idan babu, a bar ƙofa a buɗe kaɗan, muharraminta ya zauna inda zai gani ba zai ji ba. Miji ko uwa su shigo zaman farko a yi musu bayani, domin wanda bai fahimta ba shi ke hana zuwa zama na uku, amma kada su zauna lokacin da ake buɗe ciwon. Tafinta kada ya zama ɗan gida ko ɗan unguwa, kuma kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa.

Tambayoyi huɗu sun isa a tantance: wace hanya za ka bi da ni kuma a ina ka koye ta, zama nawa, da me za mu auna ci gaba, wa zai ga abin da ka rubuta. Wanda ya ce a zo a yi ta hira ba adadi ba ma'auni, ko ya matsa a faɗi komai a ranar farko, a nemi wani. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin irin wannan jinya kafin ƙarshe, sau da yawa saboda kuɗin mota, shuka da girbi, ko nauyin makonnin farko, don haka a tsara ranakun tun farko, idan da hali sau biyu a mako a gama da wuri. Idan an yi zama shida ana zuwa ana yin aikin amma makin bai motsa ba, a zauna a duba dalili: ko akwai dutsen da ba a ambata ba, ko haɗarin bai wuce ba, ko ana shan wani abu a ɓoye. Idan babu ko ɗaya, a sauya hanya, wanda PE ta yi wa nauyi a gwada masa CPT ko EMDR, wanda takardun CPT suka gajiyar a koma da shi kan igiya.